Garin karbir da na zuba a tukunyar yayana

Shekarun baya ina aiki a rumfar waldar yayana, nan cikin Zongo. Salansar babura da ta manyan motoci muke liƙewa. Wutarmu daga karbir take fitowa, wani dutse mai wari da ake sa wa ruwa a tukunyar ƙarfe, ya ba da iskar da muke kunnawa.

Yaya yana da doka. Ba a sa karbir sai mai girman goro, garin da ya taru a gindin gwangwani kuwa zubarwa ake yi. Yakan ce dunƙule a hankali yake shan ruwa, gari kuwa lokaci ɗaya yake tashi, balle in ruwan da zafi. Ni na ɗauka tsoro ne irin na manya. Makarantar da na bari a aji huɗu ma gani nake ta ishe ni sanin komai.

Wata Juma'a wani direban motar shanu ya kawo salansa a liƙe masa, yana so ya kama hanyar arewa bayan masallaci. Karbir ya ƙare, sai gari a gindin gwangwani. Yaya ya ce in je kasuwar Tokpa-Hoho in sayo, shi ya shiga gida alwala. Na dubi rana, na tuna cunkoson kasuwa, ƙyuya ta kama ni. Na juye garin nan a tukunya, na kwarara ruwan bokitin da ke rana tun safe, na ɗaure murfi.

Nan take ta fara huci. Na taɓa ta, ta ƙona ni. Na san abin da ke faruwa, amma maimakon in yi magana sai na ja da baya, don kada a gane ban je aiken ba. Yaya ya fito, ya ji ƙarar, ya sunkuya zai sassauta murfin. Murfin ya tashi, tafasasshen ruwan ya watsu masa a fuska.

A asibiti aka ce idon hagu ya tafi, na dama kuma dishi-dishi. Maƙwabta suka ce ai tukunyar ta tsufa. Na gyaɗa kai tare da su. Shekara biyu ina gyaɗa kai.

Ranar da na faɗa masa gaskiya yana zaune a ƙofar gida. Can ya ce, "Garin bai dame ni ba, kuskure ne. Amma kana tsaye ka ga na sunkuya?"

Na ce, "Ina tsaye, Yaya."

Ya ce Allah ya yafe mana, ya shiga ciki. Bai sake ta da maganar ba.

Ya yafe, na yarda. Sai dai na gane kuskuren hannu daban, shirun da na yi daban, kuma shirun ne ya ci idon. Yanzu in za mu masallaci, gefen hagunsa nake bi saboda masu babur. Bai taɓa cewa in yi ba, bai kuma taɓa juyowa ya dube ni ba.