Shayi a Kan Albarushi

A rumfar ɗura harsashi ta ƙungiyarmu ta maharba, a bayan garin Darwin, wani dattijo da ban sani ba yana zaune shi kaɗai, ga kofin shayi a gabansa. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Da alama tsohuwar bindiga mai baki biyu da ke gefensa ta daɗe tana dukanta a farautar ɓauna.

Yana ɗebo baƙin albarushi da cokalin tagulla zai zuba a kwanson harsashi, sai hannun ya kama rawa, rabi ya watse a tebur. Dokarmu ita ce wanda ya zubar ya faɗa da ƙarfi, a kawo ruwa a jiƙa, kowa na kallo. Shi kuwa sai ya kifa hularsa a kan albarushin da ya zube, kunnuwansa jajur.

Noelene mai kula da rumfar ta leƙo. "Baba, lafiya dai ko?"

"Shayinku ne ya huce, 'yar nan," in ji shi.

Tana juya baya ya ɗaga hular, ya tuttule shayin a kan albarushin, yana ta tururi. Ya ɗago, muka haɗa ido. Ni na fara sunkuyar da kai, kamar na leƙa shi yana wanka.