Gida Talatin da Ɗaya da Ba Ki Kai Ba

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Na daɗe ina zaton layi ya zo kaina, sai aka tsallake ni aka ɗauki wadda na koya wa baƙaƙe.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran shugabar makarantar firamaren unguwarmu. Ta yanke jiki ta faɗi a matakalar wani gidan haya mai hawa uku, da jakar takardu a kafaɗarta. Ba wanda ya zo ya gaya mini. Tagar ɗakina tana kallon ƙofar makarantar, shekara sha tara da ƙararrawarta nake sanin lokacin shan magani. Ranar ba a kaɗa ƙararrawar tashi ba. Na ja sanda na leƙa, na ga yara suna fita a hankali, ba gudu ba ihu. Yaro ba ya barin makaranta a hankali sai da dalili.

Bahaguwa. Sunan da na laƙaba miki ke nan a aji biyu, lokacin ina malami da ƙarfina, ina bugun hannun hagunki da rula don ki koma dama. Haka aka koya mana, haka muka yi. Ba ki koma ba. Da kika dawo unguwar nan shugaba, kika tarar matata ta rasu, 'ya'yana sun yi nisa, ƙafa ta ƙi. Ba ki taɓa tayar da maganar rular ba sai da wasa. Kikan ɗaga hannun daga bakin ƙofa ki ce, "Baba Malam, ga wanda ya gagare ka nan ya zo gaisuwa." Duk Laraba kikan hawo da man shafawa na gwiwa, ki buɗe taga, ki yi mini faɗan tara tsofaffin jaridu. Ban da ke, sai in yi mako ban ji muryar mutum a ɗakin nan ba.

Shekara huɗu ke nan da aka kawo sabon tsari. Aka ce kowane uba ya zaɓa wa ɗansa makarantar da yake so, abin da hukuma ke kashewa a kan yaro ya bi shi duk inda ya je. Ban ƙi tsarin ba, a takarda yana da kyau. Amma takardar shafi uku ce da ƙananan rubutu. Wanda bai mayar da ita ba kafin ranar rufewa, na'urar ofis za ta jefa ɗansa duk inda ta ga gurbi. Makarantar kuma da ba ta tara ɗalibi ɗari biyu ba, a rufe ta. Mutanen unguwar nan masu wanki ne da guga, da masu gadi, da 'yan dako. Zaɓin ya zama na wanda ya iya karatu.

Sai kika ɗauki jaka kika shiga bin gidaje, kowace shekara. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda kike yi. Makarantu biyar ne a takardar, kuma sai kin karanta sunansu duka da ƙarfi, kin faɗi nisan kowacce da alherinta da aibinta, taki a ƙarshe. Wata mai ɗinki ta ba ni labari da bakinta. Ta ce miki, "Haba Malama, rubuta taku mana, me zai kai mu nesa?" Kika ce, "'Yarki ta fi ƙarfin allona a lissafi. Ta bayan kasuwa tana da malamin da ya fi nawa. Ki yi tunani, gobe zan dawo." Mataimakinki ya kasa haƙuri ya ce, "Ranki ya daɗe, zamanin kowa tasa ta fisshe shi ne, ke kina rabon yara kamar sadaka." Kika ce yaran ba naki ba ne balle ki riƙe.

Akwai kuma bencin baya. Wasu makarantun sukan riƙe yaro har a gama ƙidaya, sannan su kira uwarsa su ce bai dace da su ba: mai in'ina, mai jinkirin fahimta, wanda ba ya zama wuri ɗaya. A kowane aji kikan bar benci na ƙarshe babu kowa, don kin san za su dawo. Ba a ƙirga miki su, ba a ƙara miki ko alli saboda su. Ba ki taɓa mayar da ɗaya ba.

Bayan jana'iza babbar 'yarki ta hawo mini da jakar, don ta san ni nake duba miki takardun da gilashin ƙara girma, kada na'ura ta yi watsi da su kan kuskuren harafi. Na ƙirga. Ɗari da saba'in da takwas sun zaɓe ki. Saura gida talatin da ɗaya ba ki kai ba. Ranar Alhamis mai zuwa ake rufewa.

Washegari na ga mutum biyu a filin makarantar da igiyar awo. Ba su gaida kowa ba. Ɗaya yana jan igiyar daga katanga zuwa gindin bishiyar da yara ke cin abinci, ɗaya yana rubutawa. Idan aka rufe ta, makarantar da ke da gurbi tana hayin babban titi, inda manyan motoci ba sa rage gudu kuma babu gada. Na san 'yan shekara shida nawa ne a layin nan.

Jiya mataimakinki ya zo. Mutumin kirki ne, tsoro ne ya kama shi. Ya ce, "Baba, hannunka yana da kyau. Ka cike sunan makarantarmu a duka takardun da suka rage, iyayen su dangwala yatsa, wa zai sani?" Ba zan ɓoye miki ba, Bahaguwa, na ɗauki alƙalamin. Har na buɗe murfinsa. Sai na ga takardar ƙarshe da kika fara, rubutunki ya karkata yadda na kasa miƙar da shi, kin cike sunan yaron da na uwarsa, kin bar gurbin makaranta fari, kina jira ta faɗa. Na mayar da murfin.

Ba zan iya hawa matakalar da ta kayar da ke ba. Amma daga gobe har Alhamis za a sauko da ni ƙofar makaranta da tebur da kujera. Iyayen gida talatin da ɗayan nan, ku zo. Zan karanta muku sunaye biyar, tata a ƙarshe, in rubuta wanda kuka faɗa ko da shi ne zai rufe ƙofar da nake zaune a gabanta.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya karɓe ki yadda kika karɓi waɗanda aka koro. Ki yafe mini rular. Ga maigidanki da 'ya'yanki huɗu, da malamanki da ɗalibanki, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Yau da safe an kaɗa ƙararrawa. Masu igiyar awon suna tsaye a bakin ƙofa, sun jira ta gama.