Labulen da Na Rataya a Shagon Wankin Hula

Karatu bai taɓa cuta ta ba sai sau ɗaya, kuma ko a nan ɗin laifin nawa ne, littafi bai yi mini dole ba. Abin da ya ci ni shi ne ya raba ni da dattijon da ya yi mini goyo a shagon mahaifina.

Mahaifina Bakano ne, wankin hula ya zaunar da shi a unguwar Fezzan, can ƙasar Barno. Ma'aikatansa shida, babbansu wani dattijo Babarbare da kowa ke kira Baba. Tun ba a haife ni ba yake riƙe da dutsen guga a shagon. Hular da mace ta shafe wata biyu tana ɗinkawa, shi kaɗai ake miƙa wa ya goge, don hannunsa ya san zafin da zare zai iya ɗauka. Ni kuwa "yarona" yake ce mini, har na tara gemu bai sauya ba.

Shagon yana da al'adarsa. Da an idar da azahar sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar shago, a dire tire guda na burabusko da miyar kuka da bandar kifi. Mahaifina ya naɗe hannun riga ya zauna a tsakiyarsu, kowa ya sa hannu. A lokacin na ɗauka tsohon yayi ne kawai.

Na karanta tarihi a jami'a. Ɗakina a unguwar Mairi ya fi kama da rumbun tsofaffin littattafai, galibinsu a kan sarakuna da mayaƙan da suka shuɗe. A ciki na ga cewa sarakunan Barno na dā a bayan labule suke zama, ba a ganin fuskarsu sosai, balle a ga suna cin abinci. Na kuma karanta labarin wani shugaba da ya hukunta jininsa a bainar jama'a don kowa ya shiga taitayinsa. Na ja wa wuraren nan layi da jan biro, na ce ai ga sirrin mulki nan: nisa da rashin sani ko sabo. Ɗan boko da jan biro a hannu, sai dai Allah ya kiyaye.

Da mahaifina ya rasu, shago ya dawo hannuna. Ana gama sadakar arba'in na sayo yadi mai kauri na raba shagon biyu, na sa tebur da kujera a ciki. Na ce daga yau a riƙa zuba mini nawa abincin daban a kawo mini nan. Sarkin mutum shida da sitaci, ka ji fa.

Ranar farko Baba ya ɗaga gefen labulen ya leƙo.

"Yarona, abinci yana hucewa."

"Ku ci, Baba. Ni a nan zan riƙa ci."

Ya dube ni, ya dubi kwanon da ke kan tebur, ya saki labulen. Bai sake kirana ba. Ina jin dariyarsu daga waje, ina cusa loma ni kaɗai, ina gaya wa kaina wai wannan shi ne kwarjini.

An fi shekara a haka. Ran wata Alhamis Baba ya ƙona hular wani ango da za a ɗaura wa aure washegari, tabo baƙi ƙirin a daidai goshi. Angon ya yi ta faɗa, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, ga shugaban nan na littafi yana yi mini raɗa a kunne. Na fito gaban kowa na karɓe dutsen guga daga hannun Baba na ba wani. Na ce a shagon nan babu babba babu yaro, wanda ya ɓata aiki zai koma bakin baho ya yi wanki, aikin da sabon shiga ke farawa da shi.

Bai yi musu ba. Ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Shi ne karon farko da ya kira ni haka, kuma wallahi daɗi na ji. Wannan daɗin shi na fi jin kunyarsa a duk rayuwata. Ya wanke hulunan ranar tas, ya shanya, ya tafi. Bai dawo ba.

Sai bayan makonni wani ma'aikacinmu mutumin Biu ya kasa haƙuri, ya tsaya daga bayan labule ya ce mini idon Baba ne ke mutuwa, kuma duk sun daɗe da sani. Na tambaye shi yadda aka yi suka sani.

"A tire muka gani. Sai ya miƙa hannu ga kifi ya wuce shi ya dafa tabarma. Mu ke tura masa gabansa. Da Alhaji mahaifinka ne, a zama ɗaya zai gane."

"Me ya hana ku gaya mini?"

"A ina za mu gaya maka?"

Sai a lokacin na fahimci abin da mahaifina yake yi a gindin darbejiyar nan. A tire yake gane wanda ba shi da lafiya, da wanda aka ɓata wa rai a gida, da mutum biyun da ba sa ga maciji. Na koma ga littattafan nawa, na tarar sarakunan nan suna da idanu da kunnuwa a cikin jama'a, masu shiga su faɗa musu gaskiya ko da ɗaci. A shafukan da ban ja wa layi ba abin yake. Ni labulen kawai na ɗauko.

Na cire labulen a ranar, amma girman kai ya riƙe mini ƙafa wata uku kafin in je unguwar Maisandari, inda Baba ya koma wajen 'yarsa. Ita ta tare ni a zaure, ta ce likita ya ce an makara, da an zo da wuri da an ceci ido ɗaya.

Na same shi a kan tabarma a tsakar gida. Ya gane muryata tun daga sallama, ya yi mini wushe wushe irin gaisuwarsu ta Barebari, ya tambayi shago da mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Na nemi gafararsa, ya ce babu komai, hular ai shi ya ƙona ta. Azahar ta yi muka yi salla, 'yar ta fito da kwanon burabusko ta ajiye a gabansa. Na matso, na fara naɗe hannun riga.

Ya ji motsina, ya juya wajen 'yarsa. Babu gatse a muryarsa ko kaɗan, da akwai ma da ya fi mini sauƙi.

"Zuba wa maigida nasa daban ki kai masa ɗaki, ki sakar masa labule," in ji shi. "Ba ya ci a gaban mutane."