Ƙafar Shu'ibu Direba

Shekara talatin da huɗu Shu'ibu ya yi yana jan a-kori-kura tsakanin Haɗeja da ƙauyukan fadama. Ya ɗauko shinkafa, ya ɗauko busasshen kifi, wani lokacin har da gawa idan babu wata motar. Ba mutum ne mai daɗin zama ba. Bai iya hira ba, bai iya godiya ba. Amma idan ruwa ya janye, hanyar Guri ta zama baƙar laka mai santsi kamar kuka a tukunya, shi ake nema. Ya san yadda ake lallaɓa birki, a taɓa a saki, a taɓa a saki. Ya san idan bayan mota ya tafi hagu, hagun za ka bi shi da sitiyari, kada ka yi masa gardama.

Sai ciwon suga ya cinye masa jin ƙafa. Ya fara da yatsu, ya hau tafin. Wata safiya a tasha ya taka birki a zatonsa, ashe ƙafar tana kan totur. Motar ta afka cikin buhunan kifi. Ba a ji wa kowa ciwo ba, sai dai mai kifin ta tashi daga wurin ne da ƙyar. Dangi suka zauna, aka karɓi makulli aka ba Usaini, wani direba da suka daɗe tare a tasha. Wata bakwai Shu'ibu yana zaune a zaure yana cin tuwon alkama ba sukari ba daɗi.

Da ruwan bana ya soma janyewa, ya ce wa matarsa 'Yar'azumi ranar Asabar zai karɓi makullinsa. Ta san ba mai hana shi. Motar tasa ce, kuma shi ne babba a gidan.

"To, Malam," ta ce tana tankaɗe, "ka fara biyawa shagon Bunu ka gwada ƙafar. Can ko ka take mutum ba a yin jana'iza."

Bunu ƙaninsa ne, magidanci mai 'ya'ya biyar. Yana da shagon cajin waya, a cikinsa kuma ya ajiye wasan tseren mota iri biyu, ɗaya na akwatin da ake jonawa da talabijin, ɗaya a kwamfuta. Ya sayo sitiyari da matakan birki da totur na gwanjo daga Kano, ya ɗaure su a teburin katako, duk wanda ake so a cikin biyun sai a jona masa. Shi da maƙwabcinsa Ɗahiru tela sun fi wata uku suna musu a kan wanne ya fi kama da tuƙin gaskiya. Ɗahiru na bayan na talabijin. Bunu na bayan na kwamfuta.

Shu'ibu ya iso da hantsi, shagon babu kowa sai su biyun.

"Ga alƙali Allah ya kawo," in ji Ɗahiru. "Alhaji, yau ka raba mu. Wannan ƙanin naka ko keke bai iya ba, amma ya ishe ni da zancen nauyin mota."

"Kai da keken ɗinki kaɗai ka taɓa takawa," in ji Bunu. "Zauna nan, Yaya."

Ba wanda ya ambaci dalilin zuwansa, kuma duk sun sani.

Aka fara da na talabijin. Hanyar ƙasa ce bayan ruwan sama, hoton tas, har laka tana fallatsa a gilashi. Shu'ibu ya riƙe sitiyarin roba yana tsaki, ya ce wannan ai faranti ne. Kafin minti biyu ya daina magana. Ya sha kwana ta farko, ta biyu, ya wuce motoci uku. Ya gama na biyu a cikin takwas. Ɗahiru ya tafa.

"Ka gani? Direban gaskiya ya hau, mota ta san shi."

Shu'ibu ya yi murmushi, abin da ya yi wata bakwai bai yi ba. Amma akwai kwana ɗaya da ta tsaya masa a rai. Ya ga alamar birki a allo ta cika ja, wato ya danne shi har ƙasa bai sani ba, motar kuwa ta juya lafiya lau kamar a kan kwalta.

Bunu ya cire wayar sitiyarin ya jona a kwamfuta. Hoton nan bai kai wancan kyau ba. Sai dai sitiyarin ya yi nauyi, yana fizga a hannu idan taya ta faɗa rami, yana yin sakayau idan ta rasa ƙasa. Hannuwan Shu'ibu suka gane wannan yaren nan take. A kwanar farko ya taɓa birki, taɓawa kaɗan a ganinsa. Tayoyi suka ƙame, motar ta zarce kai tsaye cikin itatuwa. Aka sake. Wannan karon ya ɗaga ƙafa da wuri, ko kuwa ya zaci ya ɗaga. Bayan motar ya zagayo gaba. Hannunsa ya bi shi daidai, kamar yadda ya saba, amma ƙafar tana can tana abin da ta ga dama. Sau shida ana sakewa. A na shida ya sunkuya ya dubi ƙafar don ya ga inda take, kafin ya ɗago ya bar hanya.



"Matakin ne ya tsufa, Yaya," in ji Bunu. "Jiya ma sai da ya yi mini haka."

"Ai na faɗa," Ɗahiru ya karɓe da sauri. "Wannan kwamfutar ba ta san mota ba. Wahalar da mutane kawai aka yi ta don ta yi. Alhaji, faɗa masa gaskiya, na talabijin ne daidai."

Sun buɗe masa ƙofar fita kunya su biyun, har Bunu ya yarda Ɗahiru ya ci musunsu. Kalma ɗaya zai ce, ya tashi ya wuce tasha. Ya gaji, gajiyar da ba ta tuƙi ba.

"Na talabijin yana tuƙa wa mutum rabin motar," ya ce. "Na danne birki a laka, a tsakiyar kwana, ya rufa mini asiri. Babu lakar da take haka. Wannan mummunan na kwamfuta shi ne ya san ƙasa. Ka taka da yawa, ya kai ka daji. Haka abin yake."

"A na talabijin ma ana iya kashe taimakon," in ji Bunu a hankali. "Ko mu kashe ka sake?"

"In ka kashe, shi ma daji zai kai ni. Samo mini mai adaidaita."

Tsakanin shagon da gidansa bai kai tafiyar minti goma ba, amma Bunu ya fita ya tsayar da ɗaya.

Ya tarar da 'Yar'azumi tana shanya. Ta dube shi sau ɗaya, ta ci gaba da abin da take yi. Ya zauna a bakin tabarma ya cire takalmi da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

"A aika wa Usaini," ya ce. "Ya canza tayoyin baya kafin Asabar, sun suɗe. Kuma kada ya yi lodi fiye da buhu ashirin sai ƙasa ta bushe."

"To," ta ce, ta shiga ɗauko masa abinci.