Kaboyi a Kan Kaset ɗin Suna

A Riyad ta shekarun tamanin babu gidan silima ko ɗaya. Ni kuwa a Kaduna na tashi da son finafinan kaboyi, kuma ba kowane kaboyi ba, na Italiya, na farko-farkon nan. Na Amurka ban ɗauke su a bakin komai ba, jarumi da farar hula da riga a goge kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na Italiya kowa sharkaf da gumi, ƙuda na bin fuska, jarumin ma ɓarawo ne, harbi kawai ya fi sauran iyawa. Sai a yi minti biyar ba wanda ya ce uffan, ana kallon-kallo, kiɗa na tashi. In sun yi magana kuma, baki daban murya daban. Mu dai ko a jikinmu.

A can Riyad, a unguwar Ulaisha nake zaune, gida ɗaya da wani Bakatsine mai aikin gwajin jini a asibiti. Ya girme ni da shekara goma, ina ce masa Yaya, yana ce mini Injiniya. Shekararsa tara da aure ba haihuwa, sai ga matarsa a Katsina ta haifi ɗa namiji. Asibitin da ke riƙe da fasfonsa ya hana shi bizar fita, wai ya jira hutunsa. Ƙanensa ya samo mai kyamara ya ɗauki taron sunan, aka aiko da kaset ɗin ta hannun wani da ya dawo daga gida. Shi ke nan guda ɗaya, ba a yi kwafi ba. Ta cikinsa kaɗai Yaya ya san fuskar ɗansa.

Na san kaset ya zo, amma ban taɓa ganin wanne ne ba. Kunyar ɗan fari ta hana Yaya ya nuna mini, ta hana shi ko rubuta wani abu a jikinsa. Ya cusa shi cikin sauran kaset-kaset a kan kanta, don kar a ce yana ɗoki. Sai na fita yake kallo. In na tsokane shi na ce, “Yaya, ina labarin magaji?” sai ya ce, “Suna lafiya,” ya shiga zancen tsadar tumatir.

Wata Alhamis wani Ba'italiye da muke aikin gada tare ya ara mini fim ɗin kaboyi, irin wanda rabona da shi tun ina sakandare, ya ce Asabar da safe yake son abinsa. Na aro na'urar bidiyon maƙwabcinmu Basudane, na jona da namu don in kwafa. Sai na ga ba ni da sabon kaset. Zuwa unguwar Murabba sayen wani bai kai komai ba, amma rana ta take, ni kuma ƙiwa ta kama ni. Yaya na wurin aiki. Na duba kanta, na zaro ɗaya da ba rubutu.

An ɓalle ɗan haƙorin nan na gefe, yadda ake yi don a hana ɗora wani abu a kan kaset. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali. Ni injiniya ne, na san dabara, sai na liƙe ramin da salatif.

Da na gama na mayar da shi farko don in ga ko ya kwafu. Sai ga rago ɗaure a ƙofar wani zaure, muryar maroƙi na tashi. Kafin in ƙifta ido hoton ya yage, hamada ta fito da mutum a kan doki. Na ɓamɓare salatif ɗin, na mayar da kaset inda na ɗauko, kamar ɓarawo. Na ce da kaina zan faɗa masa gobe. Gobe ta yi na ce jibi. Na riƙa lallashin zuciyata cewa saura wata biyu ya tafi hutu ya ɗauki ɗansa da hannunsa, me kaset zai ƙara masa? Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Ran Talata aka bugo waya asibiti. Ƙyanda ta tafi da yaron, yana da wata bakwai.

Kwana uku mutanenmu na zuwa gaisuwa, likitoci da ma'aikatan ofishin jakadanci, ni ke zagayawa da dabino da gahawa, ba na iya haɗa ido da Yaya. A rana ta uku bayan la'asar, da kowa ya watse, Yaya ya miƙe ya nufi kanta.

“Injiniya, zauna,” ya ce. “Yau ka ga ɗanka.”

Ya sa kaset. Rago ya fito, maroƙi ya ɗaga murya, sai doki.

Na sauko daga kujera na durƙusa, na faɗa masa duk abin da na yi, har salatif ɗin ban ɓoye ba. Bai dube ni ba, idonsa na kan talabijin.

“Fim ɗin naka tsawonsa nawa?”

“Awa ɗaya da rabi, Yaya.”

“Sunan ya ɗan fi haka. Wataƙila an rage wani abu a ƙarshe.”

Na kai hannu zan tura shi gaba da sauri, ya riƙe ni. “Bari. Bidiyon nan yana tauna kaset in an matsa masa.”

Haka muka zauna muka kalli fim ɗin tun daga farko. Labarin wani gari ne mai rijiya ɗaya, iyali biyu na kashe juna a kanta. Duk abin da nake so a irin waɗannan finafinai yana ciki, shirun nan mai tsawo, fuskokin nan da ke cika talabijin, gawa a kan titi ba mai ɗauka. Da a Kaduna ne da mun cika wuri da ihu. Ran nan kuwa kowane harbi a ƙirjina nake jin sa. Yaya ya haɗe hannuwa a gwiwa, bai motsa ba, mutumin da ko labarai ba ya iya zama ya kalla har ƙarshe. Da zagina ya yi, ko ya mare ni, da na samu sauƙi.

Jarumin ya harbe na ƙarshe a bakin rijiya, ya hau doki, rubutun ƙarshen fim ya hau. Hoton ya yi yayyafi, sai ga tsakar gida a Katsina. An naɗe tabarmi, mata na wanke tukwane. Wata ta gitta da jariri a kafaɗa, an lulluɓe shi da tawul, ta shige ɗaki. Ƙafa ɗaya ce kawai ta leƙo waje. Daga nan kaset ya ƙare.

“Ka ga ƙafar?” ya ce.

“Na gani, Yaya.”

“Mayar da shi baya kaɗan. A hankali.”

Duk yadda na auna, sai in wuce wurin in faɗa kan mutumin nan yana faɗuwa a bakin rijiya, mu sake jira ya mutu. Na mayar sau shida, har aka kira magariba.