Baffa Hamman da Shingen Ƙaya

Tagar ofishina a laburaren kwalejinmu, nan bayan garin Haɗeja, tana kallon wani fili ne tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai mata da ajujuwa. Kowa filin Baffa Hamman yake ce masa, wato mai kula da shuke-shuken makarantar, ko da yake ba wanda ya ba shi gadonsa.

Baffa dogo ne siriri, mai ƙarancin magana. A bayan shanu ya tashi, a rugagen wajen Birniwa, har ciwo da fari suka ƙarar da garken gidansu, ya shigo gari neman abin yi. Lokacin da aka ɗauke shi aiki filin nan rairayi ne zalla, ko akuya ba ta tsayawa a ciki. Shi ya riƙa ɗebo baƙar ƙasa daga fadama a amalanke, ya roƙo kashin shanu wurin 'yan'uwansa, ya ciro kirikiri daga bakin kogi ya daddasa. Da ciyawar ta kama ta rufe ƙasa, sai ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman ɗanyar ciyawa, ga shi yau da tasa ta kansa, kore shar har cikin bazara. Nakan tsokane shi in ce sai da shanu suka ƙare ya samu makiyaya. Murmushi kawai yake yi ya ci gaba da ban ruwa.

Matsalar ita ce waɗanda suka zana makarantar sun bi da hanyar siminti ta gefe ta zagaye filin, kuma ko bishiya ɗaya babu a kanta. Ɗalibi kuwa in ya makara ba ruwansa da zane. Suka fara ratsawa ta tsakiya. Baffa ya yi magiya, ya yi faɗa, duk a banza. Da ya ga sawu na neman raba masa ciyawa biyu, sai ya shiga daji ya saro ƙayar magarya ya yi shinge irin na lambun rani. Na ce masa abin ya yi muni a tsakiyar makaranta, ya ce muni ba ya kashe ciyawa. Gaskiya na ji haushinsa. Amma ciyawar ta farfaɗo, 'yan mata suka koma zagaye suna tsaki.

Cikinsu akwai Zaituna, 'yar Kaugama, wadda shan inna ya taɓa wa ƙafa tun tana ƙarama, da sanda take tafiya. Da farko ƙawayenta sukan jira ta, amma malami ba ya jiran kowa, sai ta riƙa cewa su yi gaba. Cikin zafin Afrilu nakan hango ta ita kaɗai a kan simintin nan, ta tsaya a kwana ta dafa bango ta huta, sannan ta ci gaba. Baffa ma yana ganinta. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, wata safiya ya tare ta ya ce zai riƙa janye mata reshe ɗaya ta wuce, ya mayar.

Ta yi godiya sosai, sannan ta ce, "Baba, in ni kaɗai zan ratsa, duk makarantar nan ni za a tsaya kallo. Bar ni in zagaya."

Bayan azahar ya zo gindin tagata ya tsuguna, abin da bai saba ba. Ya ba ni labarin wata shekara yana saurayi, sun koro shanu za su gangara kogi, suka tarar an nome burtali, hanyar da dabbobi ke bi tun kaka da kakanni, an tare shi da ƙaya. Sai da suka yi dogon zagaye cikin ƙishi, wata saniya mai ciki ta durƙushe ba ta ƙara tashi ba. Ya ce ya daɗe bai yafe wa mai gonar nan ba.

"Hajiya," ya ce, "ashe shi ma shukarsa yake so. Ga shi yau ni na sari ƙaya da hannuna."

Washegari ya kwashe shingen kakaf ya kai wa masu abinci suka hura wuta. Kafin wata ya ƙare hanya ta fito fes, ciyawar tsakiya ta mutu murus. Abin bai tsaya nan ba, don wanda ya samu hanya sai ya nemi wurin zama. Ɗalibai suka fara shimfiɗa darduma da la'asar, masu karatu na yi, masu cin gurasa na ci, masu musu na yi. Baffa ya bi gefen hanyar ya dasa darbejiya. Ciyawar ba ta ƙara yin kyan da ba, kuma na san abin na ci masa rai, don har yanzu in yana ban ruwa baya yake juya wa tsakiyar.

Zaituna ta gama karatu bara, bishiyoyin ba su kai ga yin inuwar kirki ba. Ranar da za ta tafi ina tsaye da Baffa ta ratso filin cikin ƙawayenta, ana ta hira da dariya, ɗaya ta ɗauko mata jaka. Ta ɗaga masa hannu kamar yadda kowa ke yi, ta wuce. Tausayinsa ya kama ni, na ce ya bari in kira ta in gaya mata don wa aka kwashe ƙayar.

Ya girgiza kai, idonsa na kan hanyar. "Ƙyale ta, Hajiya. Ba ki ga ba wanda ya waiwaye ta ba?"