Kawu Ba Ya Wuce Mutum a Kan Keke

Jiya na ji ƙararrawar keke a Ƙofar Gayan, sai na tuna Kawu, raina ya ɓaci. Zamanin mulkin soja, ina firamare, yakan goya ni mu bi hanyar ƙauye ta cikin gonakin dawa da inuwar ɗorawa, ƙasa tana ƙamshin ruwan sama. Duk manomin da ya gani sai ya kama birki ya sauka su gaisa. Da na ƙosa, ya ce, "Kai, ba a gaida mutum daga kan sirdi."

A wannan hanyar motar itace ta buge shi, direban ko tsayawa bai yi ba. Har yau ban yafe ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya bi masa hakkinsa.